Gwaggo Tocila a Bakin Ƙofar Makaranta

Tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙyamarensu take isa harabar asibitin hukuma. Takan tarar da farar motar nan mai kama da ɗaki a gindin tankin ruwa, ta buɗe ƙofar baya ta hau. Allon gwajin gani take fara gogewa, wanda haruffansa ke farawa manya a sama, su yi ta ƙanƙancewa har su koma kamar tururuwa. Daga nan ta buɗe akwatin gilasan gwaji, ta duba kwalaben maganin ɗigawa ko akwai wanda ya lalace. Ƙarshe ta matsa 'yar tocilar da ke rataye a wuyanta, ta haska tafin hannunta. Tocilar nan ce ta cinye mata suna. Daga 'yan makaranta har iyayensu, Gwaggo Tocila kowa ya sani.

Sai ta gama duk wannan abokin aikinta yake shigowa, ma'aikacin haƙori, wanda kuma shi ke tuƙa motar. Yara na kiransa Kawu Buɗe-Baki, don kalmar da suka fi ji daga gare shi ke nan.

"Gwaggo, ke dai ba kya bari rana ta riga ki fitowa."

"Ido ne aikina, dole in buɗe shi da wuri. Kai kuwa baki ne naka, shi ya sa ba ya rufuwa."

Da irin wannan tsokanar suke kama hanya. Hukumar gari ce ta ɗora musu aikin zagaya makarantu suna duba idanu da haƙoran yara kyauta, ita a gaban motar da allonta, shi a baya da kujerarsa mai kwanciya. A wannan watan Gwaggo ke ajiye aiki, bayan ta shafe fiye da rabin rayuwarta tana leƙa idanun 'ya'yan mutane. Ba a taɓa kiran ta gaban taro an miƙa mata lambar yabo ba. Amma malamai sun san yaran da aka sha zane su ana ce musu daƙiƙai, ashe allo ne ba sa gani, har sai da ta ɗora musu tabarau. Iyaye mata sun san yaran da ke tauna da gefe guda suna ɓoyewa, ta lura da yadda suke riƙe muƙamuƙi ta tura su bayan mota wurin Kawu. Duk wannan an sani. Abin da ya kamata a ba da labarinsa yau shi ne ranar da aikin ya kusa cinye ta.

Abin ya faru shekaru da dama da suka wuce, a wata makaranta da ke ƙarshen gari, bayan layin makanikai da masu walda. Tun mako guda kafin zuwansu Gwaggo ta roƙi shugaban makarantar ya sanar da iyaye cewa akwai yaran da za a ɗiga wa magani. Maganin yana buɗe ƙwayar ido don a iya hango cikinsa, amma yana sa gani ya dushe na wasu sa'o'i, haske kuma ya riƙa sukar ido. Shugaban ya faɗa wa yara a filin taro, ya ce su gaya wa iyayensu. Saƙon da aka ba yaro kuwa, kowa ya san inda yake kwana.

Ranar an yi rana mai ƙuna. Gwaggo ta gwada aji bayan aji, ta ware waɗanda ke buƙatar a duba su sosai, ta ɗiga musu maganin, ta sa aka zaunar da su a wani aji mai duhu-duhu, ta ce kada a bar kowa ya fita sai ta zo. Aka kaɗa ƙararrawar fita hutun tara. Malamar da ke tsaron su ta fita shan ruwa. Wasu daga cikin yaran suka sulale ta inda katanga ta rushe, suna fita rana ta doke su a ido, suka nufi gida suna lalube suna kuka.

Gwaggo ba ta san an yi haka ba. Tana cikin mota da wata 'yar ajin ƙanana da ake kira Auta, yarinya mai surutu da ba ta wuce shekara biyar ba. Ta ja labule, ta haska idon dama, jan haske ya dawo mata daga cikinsa kamar yadda ya kamata. Ta haska na hagu. Wani fari ne ya ƙyalla daga can ciki, kamar idon kyanwa in fitila ta kama shi. Ta kashe tocilar, ta sake kunnawa. Yana nan. Ta canza gefe. Yana nan.

Sau ɗaya ta taɓa ganin irin wannan farin, shekarun baya, a idon wani yaro da iyayensa suka ce za su kai shi asibiti in an samu sarari. Sararin bai samu ba har ciwon dajin da ke bayan idon ya yi ajalinsa.

"Gwaggo, idona yana da kyau?" in ji Auta.

"Ƙwarai kuwa, 'yata. Zauna nan kusa da ni."

A nan ta fara jin hayaniyar. Da farko kamar ta yara a filin wasa, sai dai muryoyin sun yi kauri. Kawu ya leƙa ta taga, ya dawo da kai a hankali, babu alamar wasa a fuskarsa.

"Gwaggo, ƙofa ta cika. Wai mun makantar da yara."

Kafin ta amsa, dutse ya sauka a rufin motar. Auta ta ƙanƙame ta. Ta tagar Gwaggo ta hango shugaban makaranta ya datse babbar ƙofa da kwaɗo, yana ɗaga hannaye yana magana, ba mai jin sa. Mata na jijjiga ƙarafan ƙofar suna kiran sunayen 'ya'yansu. Samarin gareji sun fara hawa katanga. Auta ta nuna wani ƙato a gaban taron, ta ce babanta ne.

"Akwai hanya ta bayan filin ƙwallo," in ji Kawu, makulli a hannunsa. "Mu fita, gobe hukuma ta zo ta yi bayani."

"In muka gudu yau, motar nan ta gama shiga makaranta a garin nan. Kuma ga wannan." Ta rage murya, ta gaya masa abin da ta gani a idon yarinyar.

Kawu ya dafe kai. "To don Allah kada ki faɗa yau. Cewa za su yi maganinki ne ya jawo. Wallahi za su ƙone mu da motar."

"Yau ina da ubanta a bakin ƙofa. Gobe wa zai ba ni shi?"

Ta ɗauki kwalbar maganin, ta ce masa ya riƙe Auta, ta sauka. Abin da waɗanda suke bakin ƙofa suka gani shi ne dattijuwa cikin farar riga tana tahowa a tsakiyar fili ita kaɗai, ba ta sauri ba ta tsayawa. Wani dutse ya wuce ta gefen kafaɗarta. Ba ta waiwaya ba.

"Ranka ya daɗe, buɗe min ƙaramar ƙofa," ta ce wa shugaban.

"Gwaggo, kin ga abin da nake gani kuwa?"

"Na gani. Buɗe."

Tana fita suka yi mata zobe. A gaba akwai wani ƙaton mai walda, baƙin gilashin aikinsa a ɗage bisa goshi, guntun rodi a hannu. Shi ne uban Auta.

"Ina 'yata?" ya daka mata tsawa. "Me kuka zuba wa yaranmu?"

"'Yarka na nan lafiya, ƙanena, yanzu za ka gan ta. Ga abin da na zuba." Ta ɗaga kwalbar sama. "Laifina ɗaya ne, kuma na ɗauka. Ya kamata ku ji daga bakina kafin in taɓa idon kowa. Maganin nan yana dushe gani na ɗan lokaci, sannan ya sake."

"Ƙarya ne!" wata mata ta yi ihu. Tana riƙe da ɗanta, ya rufe fuska da hannu biyu. "Ɗana ko ni ba ya gani sosai! Da wane bakin za ki ce zai sake?"

Gwaggo ta san magana ta ƙare. Ta juya wajen yaron. "Ɗana, leƙa ta tsakanin yatsunka. Wannan ce kwalbar da na ɗiga maka, mai jan murfi?" Ya gyaɗa kai. Ta miƙa wa uwar kwalbar. "Karɓi, 'yar'uwa. Ɗiga min da hannunki, ido biyun duka. In nasu bai dawo ba, nawa ma kada ya dawo."

Matar ta tsaya tana kallon kwalbar kamar an miƙa mata garwashi. Wani daga baya ya ce, "Ɗiga mata mana!" Gwaggo ta zauna a kan dakalin mai gadi, ta ɗaga fuska, ta ja fatar idonta da yatsa. Matar ta matsa kwalbar, ɗigon farko ya sauka a kumatu.

"Sake. Kada ki ji tsoro."

Ta sake, ya shiga. Ta ɗiga a ɗayan. Gwaggo ta runtse ido don zafin, hawaye na gangarowa, sannan ta buɗe ta ce, "To, ga ni nan. Ba inda za ni. Ku shigo da yaran inuwa mu jira tare."

Jiran bai zo da sauƙi ba. Waɗanda suka zo daga baya ba su ga abin da ya faru ba, suna tura na gaba suna tambayar me ake jira. Sannu a hankali duniya ta fara narke wa Gwaggo. Fuskokin da ke kusa da ita suka koma inuwoyi, farar katangar makaranta ta riƙa sukar ta kamar allura. Mata na zuwa suna leƙa idonta. "Lallai kuwa, ya buɗe irin na ɗana." Wasu suka ɗan sassauta. Wasu suka ce ai ƙila ta sha makarinsa tun a gida.

Ta juya inda take jin numfashin mai walda. "Ƙanena, kai ka fi kowa sanin wannan. Ranar da wutar walda ta kama maka ido, yaya kake kwana?"

Ya kau da kai. "Kamar an zuba min yashi."

"Washegari fa?"

"Ya washe." Ya faɗa da ƙyar, kamar ana ciro maganar da ƙugiya. Nan take kuma ya murtuke. "Ni ba hira na zo ba. A fito min da 'yata, gida za mu."

Abin da take tsoro ke nan. In ya tafi da yarinyar cikin wannan fushin, ba zai sake yarda wani mai farar riga ya matso kusa da ita ba. Kawu ya fito da Auta, ya tsaya bayan Gwaggo, ya ɗan taɓa kafaɗarta alamar ta yi shiru. Ta ji taɓin, ta kuma san gaskiyarsa. Ta miƙe tana dafa bango.

"Kafin ka tafi, ina da magana da kai. Mu koma gefe."

"Faɗe ta nan. Ba ni da abin ɓoyewa."

Ta rage murya iya yadda za ta iya. "Idon Auta na hagu akwai abu a cikinsa. Ba na yau ba ne. Dole a kai ta babban asibiti gobe-goben nan."

Na kusa suka ji, suka miƙa wa na baya, kafin maganar ta kai ƙarshen taron ta zama wata aba. "Ta amsa! Ta ce idon yarinyar ya lalace!" Zoben ya sake matsewa. Wani ya fizgi hannun rigarta har ta yage. Mai walda ya ɗaga rodin, ba ta gan shi sosai ba, inuwarsa kawai ta gani ta tsaya a kanta.

"Lafiya lau na kawo ta da safe," ya ce. "Ke kika yi mata."

"Kana da hotonta a wayarka?"

"Me ya kawo maganar hoto?"

"Wanda aka ɗauka a ɗaki, da walƙiyar waya. Tsoho, tun kafin ka taɓa jin sunana. Ni yanzu ko ka sa min a hanci ba zan gani ba. Kai za ka duba. Ka dubi idon hagu."

Ya tsaya yana huci. Sannan ya maƙale rodin a hammata, ya ciro wayar, ya fara ja da babban yatsa. Mutane suka miƙa wuya ta kafaɗarsa. Gwaggo na tsaye, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. In babu irin hoton, ko in walƙiyar ba ta kama ba, ba ta da sauran abin faɗa. Yatsan ya yi ta ja. Sai ya tsaya.

"Me ka gani, ƙanena?"

Ƙarar rodin da ya faɗi ƙasa ta ji. Wani tsoho da ke leƙe ya ce a hankali, "Innalillahi. Ɗaya ja, ɗaya fari."

"Tun bara ne wannan," in ji mai walda, kamar da kansa yake magana. "Uwarta ta nuna min. Na ce mata hasken waya ne." Ya durƙusa ya jawo Auta jikinsa. "Gwaggo, mene ne?"

"Likitan can ne zai faɗa maka tabbas. Abin da na sani shi ne ba ya jira. Da safe zan zo mu tafi tare."

Wajen la'asar yaron nan da ya rufe fuska ya sauke hannayensa, ya ce wa uwarsa yana ganin zanen zanenta. Wata yarinya ta karanta rubutun jikin motar da ƙarfi. Taron ya fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu na sunkuyar da kai in sun zo wucewa ta gabanta. Matar da ta ɗiga mata maganin ce ta kawo mata ruwa, ta cire mayafinta ta yi mata inuwa da shi. Kawu ne ya riƙe hannun Gwaggo har cikin mota. Sai da suka fita layin makanikai ya iya magana.

"Daga yau in kin ce za ki sauka cikin taro irin wannan, ni ma haƙorana zan cire in ba su su riƙe."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya bar ta ta yi abinta.

Labarin bai ƙare yadda zuciya ke so ba. Likitoci sun tabbatar ƙari ne na ciwon daji, kuma ya yi nisa. Ba a iya ceton idon ba, sai da aka cire shi. Amma an riga shi kafin ya bazu, Auta ta rayu, yanzu budurwa ce, da ido ɗaya na gani ɗaya na roba, surutunta kuma bai ragu ba. Uwarta ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Gwaggo, don ciwo yakan nemi wanda zai jingina wa. Gwaggo ba ta taɓa riƙe ta a zuci ba. Uban kuma bai iya godiyar baki ba. Bayan wasu watanni aka wayi gari ya kafa rumfar ƙarfe a harabar makarantar, inda motar ke tsayawa, don yaran da aka ɗiga wa magani su samu inuwa. Daga ranar kuma Gwaggo ba ta sake ɗiga wa yaro komai ba sai uwa ko uba na tsaye, ko da hakan zai sa ta koma makaranta ɗaya sau da yawa.

Gwaggo, ke ce kika tsaya lokacin da gudu ya halatta. Ke ce kika faɗi magana mai ɗaci a ranar da shiru zai fi miki sauƙi, kika amsa naki kuskuren a gaban masu riƙe da duwatsu, ba ki jingina shi ga shugaban makaranta ko malamar aji ba. Uwar 'ya'yan mutane, mai ganin abin da iyaye suka duba ba su gani ba. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma ranar da kika fi gani ita ce ranar da idonki ya dushe. Akwai masu ɗinki da direbobi da malamai a garin nan da ke cin abinci da idanun da kika gyara, yawancinsu ba su san sunanki na yanka ba. A madadinsu muna cewa mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai albarka, ya bar miki ganinki har ƙarshen rayuwa.

Sauran aiki yana wuyanmu. Hukuma ta samo wadda za ta hau kujerar Gwaggo kafin ta yi sanyi, kada motar ta koma ɗakin kwanan kaji a gindin tanki. Matasan ma'aikatan lafiya da ke ganin zagayen makarantu ƙaramin aiki ne su je su zauna da ita yini guda. Iyaye kuma, ranar da aka ce mota za ta zo, a rufe shago na ɗan lokaci a je a tsaya kusa da yaro, a yi tambaya, a ji da kunne.

Da aka gaya mata za a rubuta wannan, ta ce ita ba ta ga abin rubutawa ba. Da aka matsa, sai ta ce, "To ku rubuta cewa in uwa ta ce ta ga wani abu a idon ɗanta, kada a ce mata hasken waya ne. A kai shi a duba."